Sawu Marar Yatsu

Ana jibi ɗaurin auren Fusena, gidan Mma Awabu mai koko da ke lungun bayan kasuwar Nima ya wayi gari da ihu. Ba guɗa ba, ihu. Katin Fauziya ya ɓata.

In an ce kati kada wani ya zaci na gayyatar biki ne. Fauziya ita ce babbar 'yar Mma Awabu, yayar amarya Fusena, yarinyar nan da ke tuƙa jirgin sama, wadda in jirgi ya gifta ta saman Nima uwar kan ajiye ludayi ta ɗaga masa hannu, ko da kuwa na Larabawa ne. Katin kuwa shi ne mai hotonta da take ratayawa a wuya, wanda in ba shi masu gadi ba sa barin mutum ya shiga cikin filin jirgi. Ta rataye shi a ƙusa tare da rigar aiki ta kwanta. Da asuba riga na nan, hula na nan, waya na kan caji, kati ya ce ɗauke ni inda kika ajiye.

Kafin koko ya dahu magana ta je unguwar Maamobi ta dawo. Nima ke nan, ka yi atishawa a wannan lungu, a wancan ake yi maka addu'a. Sai aka aika kiran Baba Gafaru.

Baba Gafaru mutumin Bawku ne. Da ƙuruciya shanun sata yake bi a daji, da tsufa ya riske shi a Accra sai sana'ar ta koma ta awaki da ragunan layya. Kullum kansa a ƙasa yake tafiya. Ƙafarka yake fara gaisarwa kafin fuskarka, shi ya sa masu yawon da ba na Allah ba ba sa son haɗuwa da shi da sassafe.

Ya tarar da tsakar gida cike da mata 'yan biki, kowa na magana babu mai saurare. Amarya dai tana ɗaka, ba abin da ake ji daga can sai shessheƙa, kukan amarya kuwa ba a tambayar dalilinsa. Fauziya na zaune a bakin ƙofarta cikin farar rigar aiki, ta ɗora hula a cinya tana juya ta.

"Direba," in ji Baba Gafaru, "mene ne a cikin katin nan da ɓarawo zai bar waya ya ɗauke shi?"

"Baba, yau bayan azahar kamfani zai zaunar da mu, ni da Kyaftin Zulkarnaini. Ofishin yana cikin filin jirgi. Ba kati, ba shiga. In kuma na ce ya ɓata, dakatar da ni za a yi a buɗe wani binciken, zaman kuwa ba zai jira ni ba."

Da aka ambaci Kyaftin sai gidan ya yi tsit, har wadda ke kankare tukunya ta dakata. Ai Kyaftin Zulkarnaini ɗan Hajiya Ruhaina ne ta Maamobi, kuma yayan Tawfiq mai tasi. Tawfiq ɗin nan shi ne angon Fusena.

Abin da ya faru kowa ya ji, kowa kuma yana yi kamar bai ji ba. A watan jiya Hajiya Ruhaina ta dawo daga Tamale da kayan lefe, a jirgin da ɗanta ke tuƙawa, Fauziya na mataimakiyarsa. Kyaftin ya kira uwarsa ɗakin tuƙi ta ga inda ɗanta ke neman abinci. To dokarsu ta ce fasinja ba ya shiga wurin. Ta kuma ce ba a barin direba ɗaya shi kaɗai, in ɗayan zai fita, ko bayan gida ne, sai ma'aikaciyar jirgi ta shigo ta tsaya har ya dawo. Kyaftin bai kira kowa ba. Ya zaunar da Hajiya a kujerarsa, ya fita gaisawa da wani Alhaji. Jirgi ya shiga gajimare ya yi wata girgiza. Hajiya ta rafka salati ta cafki abin da ke gabanta, abin da ke gabanta kuwa sitiyari ne. Jirgi ya sunkuyar da kai. Da hannu ɗaya Fauziya ta jawo shi, da ɗayan tana ɓamɓare yatsun Hajiya. An sauka lafiya, amma wata ma'aikaciya ta karye a hannu, wani tsoho ya fasa goshi.

"Ya gaya musu bai motsa daga kujerarsa ba," in ji Fauziya, "wai hannuna ne bai nuna ba. Na'urar da ke ɗaukar maganarmu ta shafe kafin a tuna da ita, ma'aikatan kuma tsoronsa suke ji. In ban je ba, maganarsa ce za ta zauna. Shi ya ci gaba da tashi da mutane, ni na sauka ke nan."

"In kuma kin je," Mma Awabu ta ce a hankali, idonta a ƙasa, "surukuta ta lalace."

Baba Gafaru ya ɗan dube ta. Ya duƙa.

Kusa da ƙofar Fauziya aka kafa murhun biki, toka ta bazu har bakin dokin ƙofa. A cikin tokar nan ga sawu, mai shiga da mai fita. Baba Gafaru ya tsugunna, ya daɗe a tsugune. Ya san sawun silifa, ya san na kambas, ya san ƙafar da ta saba da takalmi da wadda ba ta saba ba. Wannan kuwa ba yatsu. Ba zanen takalmi. Dunƙule yake kamar gindin doya, da 'yan tamoji-tamoji a gefe, dunduniya ta nutse, gaba da ƙyar ya taɓa ƙasa.

Wata gwaggo ta leƙo ta kafaɗarsa ta ja da baya.

"A'uzubillahi! Ba yatsu! Mutanen ɓoye ne! Dama na faɗa, mai yawo a sama dole wata rana ta taka musu shanya!"

Nan take aka fara tofe-tofe. Shi kansa Baba Gafaru sai da ya ji tsikar jikinsa ta tashi. Abin da ya fi aljani ba shi tsoro shi ne kada a ce idonsa ne ya fara tafiya. Ya karɓi kwano ya kife sawun.

"Sauran sawun fa? Wa ya share tsakar gida?"

"Ni," in ji Mma Awabu. "Laifi ne mutum ya share gidansa?"

"Ba laifi ba ne," ya ce. Amma maganar ta tsaya masa a rai.

*

Waɗanda ba su yarda da aljani ba sun riga sun sami nasu ɓarawon. Saddique ne, ɗan haya na ɗakin ƙarshe, wanda ya taɓa aikin loda kaya a filin jirgi aka sallame shi. Wai ƙunsa ƙafarsa ya yi da tsumma don ya ɓatar da sawu.

Baba Gafaru ya same shi yana wanke baki a bakin kwata.

"Na san za a zo," in ji Saddique. "Gidan nan ko cokali ya ɓata, Saddique. Ko miji ya ƙi dawowa gida, Saddique. Haba, ni ne kaɗai mai hannu?"

"Taka ka je wurin famfo ka dawo."

Saddique ya yi tsaki ya taka. Ƙafa kamar faranti, taku ɗaya nasa ya yi uku na wancan.

"An ce kana neman hanyar komawa filin jirgi."

"Da katin mace? Baba, dube ni da kyau. Gemun nan zan aske in ce ni ce Fauziya? Katin nan ba ya yi wa kowa amfani sai mai shi. Wanda ya ɗauka ba shiga yake son yi ba, so yake kada ta shiga. Ka je Maamobi ka tambayi masu jirgi. Katangar gidan nan ko akuya tana tsallakawa."

Wani jirgi ya taso ya wuce ta kansu, ƙararsa ta girgiza kwanon rufi. Baba Gafaru ya ɗaga kai, abin da bai saba ba. Rana ta yi sama fiye da yadda yake so.

*

Gidan Hajiya Ruhaina a Maamobi bene ne mai fentin ruwan hoda, wanda ko makaho ya wuce sai ya ji a jikinsa. Ya same ta a tsakar gida kan kujerar roba, ta miƙe ƙafafu bisa benci, an ɗaure su cikin baƙar leda har idon sawu. Anti Shifa mai lalle na gefe tana kwaɓa wani a roba. Can kusa da ƙofa Tawfiq na goge tasinsa, saurayi shiru-shiru wanda tun da aka haife shi ba a taɓa jin ya ce wa uwarsa komai ba sai "To, Mma."

"Malam Gafaru! Akuyar wa ta ɓata?"

"Ba akuya ba ce, Hajiya. Katin surukarki ne, mai jirgi."

"Ayya," in ji Hajiya, bakinta na jimami idonta na dariya. "Allah ke nan. Wani lokaci in zai rufa wa bawa asiri sai ya ɓatar masa da takalmi. Yarinya ta zauna gida ta taya ƙanwarta biki, ba shi ke nan ba? Ɗan zango ba ya kai ƙarar ɗan zango wurin baƙi."

"An ce ke ma kina cikin jirgin ranar."

"Ni? A baya nake, can baya, ina ta lazimi."

"Na ce dai. Ni na san ba a barin kowa ya ga gaban jirgi. An ce wai ko minista ba ya shiga."

Hajiya ta gyara zama. Ta dubi hagu ta dubi dama. Akwai cutar da ba ta da magani, ita ce ta mutum ya ga abin da maƙwabta ba su gani ba a ce ya yi shiru.

"Minista ɗin banza? Malam Gafaru, maɓallai har a rufi! Ja, kore, ruwan ɗorawa, kamar shagon masu gyaran waya. Kujerar kuwa, wallahi gadona bai kai ta laushi ba. Gajimare ga shi nan kamar ka miƙa hannu ka..." Sai ta kama bakinta. "Haka dai aka ba ni labari."

Tawfiq ya daina goge mota. Bai juyo ba, amma ya daina.

Baba Gafaru ya duba ƙasan gidan, ya duba takalman da ke bakin ƙofofi, bai ga abin da ya yi kama da abin da ya kife da kwano ba. Hajiya tana da dalili, amma dalili ba sawu ba ne. Zai koma ya ce wa yarinyar nan me? Cewa aljani ne?

Yana shirin sallama sai wata akuya ta faɗo gidan, ta zarce inda aka jera akwatunan lefe, ta ture kwaryar garin masara, ta kama bakin wani leshi ta fara taunawa.

"Leshina! Na Tamale!" Hajiya ta zabura ta diro daga benci.

"Kar ki taka!" Anti Shifa ta ƙwala ihu. "Hajiya, aikina!"

Ina! Hajiya ta riga ta taka. Ta ɗaga yatsu sama, ta tafi a kan dunduniya tana rangaji kamar agwagwa, ledar na ƙara, ta ratsa ta cikin garin da ya zube ta kai wa akuya duka da mafici.

Kowa akuya yake kallo. Baba Gafaru gari yake kallo. Ga shi nan, dunƙule kamar gindin doya, ba yatsu, da tamoji a gefe, dunduniya ta nutse. Na Hajiya ya fi girma nesa ba kusa ba, amma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Tsoho da furfurarsa, ya yi aure ya aurar, bai taɓa tsayawa ya ga yadda ƙafar mace ke zama ja ba. Maza ke nan. Su dai su ga ja su ce madalla.

"Shifa," ya ce, "a Nima yaushe kika yi musu?"

"Jiya da magariba. Duk matan gidan na ƙunsa, suka kwana da shi, da asuba suka wanke."

"In mace ta taka da shi fa?"

"Ka ga irinta," ta nuna Hajiya da haɓa. "Salatif ɗin da na yi zane da shi ya goce, lalle ya shiga inda ba a aike shi ba. Gobe ƙafar nan kamar kaji sun yi dambe a kai."

"Yana wankuwa?"

"Ko da sabulun salo da soson ƙarfe. Sai ya gaji don kansa."

Baba Gafaru ya juya wurin Hajiya. "Hajiya, a Nima ana cewa ke kika aika aka ɗauke katin nan."

"Ni? Wace mai ƙaton bakin ce ta faɗa? Tawfiq! Kawo ruwa in wanke ƙafar nan, ka ta da mota!"

"To, Mma," in ji Tawfiq.

*

Mota ba ta shiga lungun, a bakin titi aka bar ta, suka ƙarasa a ƙafa har da Anti Shifa. Suna shiga gida ladanin masallacin kasuwa yana gwada lasifika, yana hura ta yana ƙwanƙwasawa. Fauziya na nan inda aka bar ta, waya na ta ruri a hannunta ba ta ɗauka ba. Ta dubi hannun Baba Gafaru, ta ga ba komai, ta mai da kai ƙasa.

Ya sa aka shimfiɗa tabarmi. Ya ce duk matar da ta kwana a gidan ta zo ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Ei! Baba Gafaru, da tsufanka?" in ji gwaggon nan mai aljanu. "Ƙafafun matan mutane?"

"Ni bango zan kalla. Shifa ce za ta duba aikinta. Wanda ya shiga ɗakin Direba ba aljani ba ne, ƙunshi ne a ƙafarsa."

Mata suka fara kallon ƙafafun juna a sace. Saddique ya fito ya miƙo tasa ƙafar ya ce a fara da shi tunda shi ne ɓarawon gida, ba wanda ya yi dariya.

"A fara da masu gida," in ji Baba Gafaru, yana kallon bango kamar yadda ya yi alkawari. A ransa yana roƙon Allah ya ƙaryata shi. Tun safe sharar nan ta Mma Awabu take cin sa, kuma bai san yadda ake gaya wa 'ya cewa uwarta ce ba.

Anti Shifa ta ɗaga ƙafar Mma Awabu ta juya ta. "Tsaf. Kamar da rula."

Ya saki numfashi. Aka bi gwaggo, aka bi inna, aka bi ƙawayen amarya da baƙin unguwar Madina. Tsaf, tsaf, tsaf. Wata ma har da cewa a duba da kyau a yaba. Layi ya ƙare.

Hajiya Ruhaina ta tafa hannu.

"To, mai bin sawu, sawu ya ƙare a ruwa? An taso ni daga Maamobi, an ɓata mini lalle..."

"Saura ɗaya," in ji Anti Shifa. "Wanda na fi ɓata lokaci a kai ma. Ina amaryata?"

"Amarya ba ta fita," in ji Mma Awabu da sauri. "Haba, a bar yarinya da abin da ke damunta."

"In ba ta fita ni ina shiga. Zanen nan tun la'asar nake yanka masa salatif."

Ba ta kai ga shiga ba labule ya motsa. Fusena ta fito da kanta, lulluɓe da mayafi har ƙirji, tana tafiya kamar mai taka ƙaya. Duk idanu suka sauka ƙasa, har na Baba Gafaru da ya manta da bango.

Safa ce a ƙafarta. Safar ƙwallo, mai kauri, a wannan zafi na Accra da ko ƙadangare ke neman inuwa. Amaryar da aka yi wa ƙunshi jiya, wadda ya kamata a ce tun asuba tana miƙa ƙafa ana ɗaukar hoto.

"Sanyi nake ji," ta ce, ba wanda ya tambaye ta.

"Cire, 'yata," in ji Baba Gafaru a hankali.

Ta zauna a bakin tabarma ta cire. Anti Shifa ta ɗora hannu a ka. Furannin da ta yanka sun narke sun haɗe, ja ya haura tsakanin yatsu ya malale gefe, dunduniya ta yi baƙi ƙirin. An ga alamar an dirje ta da soso har fata ta yi ja.

Fusena ta sa hannu cikin mayafi ta zaro igiya daga wuyanta. Katin ya fito yana lilo, hoton yayarta na kallon jama'a.

"Sista, ki yafe mini." Ta miƙa wa Fauziya katin. "Na ce in kin rasa shi yau kawai, gobe in ajiye miki a ƙarƙashin gado. Ban san za su kore ki ba, wallahi ban sani ba sai da na ji kina gaya wa Baba. Tun lokacin nake son fitowa, ƙafar ta hana ni."

"Me na yi miki, Fusena?"

"Ba ke ba ce. Hajiya ce ta kira ni ta ce in kika buɗe baki a kan Kyaftin, in nemi wani mijin."

Kawuna suka juya wurin Hajiya Ruhaina gaba ɗaya kamar an ja su da zare.

"Na faɗa!" in ji Hajiya, ta miƙe tana gyara gyale. "Ban ce ta yi sata ba, amma na faɗa, kuma ina kan bakana. Yaron nan shi ya fara sa hular jirgi a duk zangon nan. Don uwarsa ta ɗan zauna a kujera sai a tuɓe shi? Wa ya mutu? Awabu, ki ja wa 'yarki kunne. In ta fita ƙofar nan, a kwashe kanofi, a mai da mini akwatunana."

Daidai nan ladan ya ɗaga murya. Azahar ta yi.

Fauziya ta karɓi katin, ta tsaya da shi a hannu ba ta rataya ba. Ta dubi ƙanwarta, ta dubi uwarta. Baba Gafaru ya ga ƙafarta ta dama ta matsa gaba ta dawo, ta sake matsawa ta dawo. Shi aikinsa ya ƙare, ya gano sawu. Amma ji ya yi kamar ya kamo saniya ya kawo ta mahauta.

"Hajiya," in ji Fauziya, "ranar nan akwai mai goyo a bayanmu. Da hannuna ya zame daga naki, da ba a yi zancen kanofi ba, da zaman makoki ake a gidan nan da naki. Ni ba zan ƙara masa ko kalma ba. Abin da ya faru kawai zan faɗa."

Mma Awabu ta share ido da bakin zane. Ta daɗe tana kallon ƙafar Fusena.

"Kullum in jirgi ya wuce ina ɗaga hannu," ta ce. "Ashe ban san wa ke kan kujera ba. Je ki, Fauziya."

Fusena ta fashe da kuka, amma ita ta miƙe ta karɓi igiyar ta rataya wa yayarta a wuya.

"Ko na fita yanzu ba zan kai ba," in ji Fauziya tana duba waya. "Kafin in sami mota a wannan cunkoso..."

Sai aka ji ƙarar makullai. Tawfiq ne, wanda tun shigowarsu yake jingine a bakin zaure ba wanda ya tuna da shi.

"Sista, mu je. Na san hanyar baya."

"Tawfiq!" Hajiya ta daka tsawa. "Yayanka ne fa! In ka ta da motar nan, ban haife ka ba!"

Ya tsaya. Ya dubi uwarsa, bakinsa ya buɗe kamar zai faɗi abin da ya saba faɗa. Sai ya dubi ƙafar amaryarsa, wadda ko makaho ba zai ce ta yi kyau ba.

"Mma, da kunnena na ji ki ɗazu, maɓallai har a rufi," ya ce. "Ni ma direba ne. Ko a tasi ba na ba fasinja sitiyari."

Ya juya ya fita, Fauziya na bin sa da gudu-gudu, hula a hannu. Mata suka dafa musu baya har bakin titi, amarya ma ta bi su ba takalmi, duk Nima na kallon lallen da ya lalace. Hajiya ta rantse ta maimaita cewa ita da gidan nan har abada, ta suri jakarta ta nufi ƙofa.

Baba Gafaru bai bi kowa ba. Ya zagaya bayan ɗaki ya yi alwala ya yi sallarsa, ya daɗe yana addu'a, don bai san abin da za a yi wa yarinyar a can ba, bai kuma san ko jibi za a ci shinkafa a gidan nan ko za a raba ta sadaka ba.

Da ya fito tsakar gida ba kowa. Ya ɗauke kwanon da ya kife, ya shafe sawun da tafin hannunsa. Sannan, da yake hali zanen dutse ne, ya bi ƙasa da kallo. 'Yan rakiya sun watsa toka ko'ina, a cikinta kuwa ga silifar Hajiya Ruhaina, faffaɗa, mai cin gefen hagu. Ta tafi da ƙarfi har bakin zaure. A nan ta nutse, alamar mai ita ta daɗe a tsaye. Daga nan sawun ya juyo, taku gajere-gajere, ya wuce murhu, ya tsaya a ƙofar ɗakin Mma Awabu.

Ga silifar nan an cire an ajiye. Daga ciki kuwa ana jin murya tana cewa ita fa ba zama ta zo yi ba, jira take a kawo mata motarta, kuma kokon nan wa ya dama shi ba sukari?